Mene Ne Mota, Wane Ne Direba? Yadda Kotuna Ke Fassara Kalmomin Dokar Hanya

A shekarar 1931 Kotun Ƙolin Amurka ta zauna a kan wata tambaya wadda za a ce ko yaro ya san amsarta, wato ko jirgin sama abin hawa ne. Wani mutum mai suna McBoyle aka samu da laifin sa a tuƙa jirgin da ya san na sata ne daga jihar Ilinoi zuwa jihar Okalahoma, aka yanke masa ɗaurin shekara uku da tarar dala 2,000 a ƙarƙashin dokar satar motoci ta ƙasa ta 1919. Dokar ba ta bar mai karatu cikin duhu ba, domin ta fayyace abin da take nufi da abin hawa mai inji: ta ambaci ƙaramar mota, da babbar mota, da babur, sannan ta rufe jerin da duk wani abin hawa mai tafiya da ƙarfin kansa wanda ba a ƙera shi don bin dogo ba. Jirgin sama yana tafiya da ƙarfin kansa, kuma ba ya bin dogo, saboda haka ƙananan kotuna suka tabbatar masa da laifin.

Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes, wanda ya rubuta hukuncin Kotun Ƙolin, ya yarda cewa ta fuskar asalin kalma ana iya jan ta har ta kai ga abin da ke tashi sama, amma ya ce a bakin jama'a kalmar Ingilishin da dokar ta yi amfani da ita tana kawo wa mutum hoton abin da ke tafiya a ƙasa. Ya lura cewa duk abubuwan da aka lissafa kafin jimlar ƙarshe na ƙasa ne, kuma ko da yake an san jiragen sama sarai a 1919, babu wanda ya ambace su a muhawarar majalisa. Hujjarsa mafi nauyi ita ce ta adalci: ko da ɓarawo ba ya karanta doka kafin ya yi sata, wajibi ne hukuma ta ja layin laifi a fili da harshen da kowa zai gane, kuma ba aikin alƙali ba ne ya faɗaɗa laifi don kawai yana ganin da majalisa ta tuna da ta haɗa da shi. Sai a 1945 majalisar ta gyara dokar ta shigar da jiragen sama.

Abin da wannan shari'a ke nunawa shi ne ma'anar da aka rubuta a cikin doka ba ta kashe gardama, sai dai ta matsar da ita zuwa wani wuri. Masanin shari'a H.L.A. Hart ya bayyana wannan a 1958 da misalin dokar da ta hana shiga lambun shaƙatawa da abin hawa. Mota ba ta buƙatar muhawara, amma keke fa, ko takalmi mai taya, ko motar wasan yara? A ganinsa kowace kalma tana da tsakiya inda ma'ana ta tabbata, da kuma gefe inda dole alƙali ya yi zaɓi. Wani masanin shari'a, Lon Fuller, ya mayar masa da martani da misalin tsohuwar motar soja mai lafiyayyen inji wadda aka kafe a lambun don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi: mota ce ba tantama, tana tsakiyar ma'anar kalmar, amma babu mai hankalin da zai ce an karya doka, domin abin da ake gudu, wato hayaniya da haɗari, bai taso ba. Kusan duk shari'ar da ta shafi kalmomin dokar hanya tana tsakanin waɗannan mutane biyu ne, tsakanin zahirin lafazi da manufar da ta sa aka yi lafazin.

Kafin alƙali ya kai ga wannan zaɓi, akwai matakin farko da mutane da yawa ke tsallakewa, wato duba yadda aka gina sashen ma'anoni shi kansa. Idan doka ta ce kalma kaza "tana nufin" abu kaza, ta rufe ƙofa ke nan, abin da ba ya ciki ba ya ciki. Idan kuwa ta ce kalmar "ta haɗa da" abu kaza, to ma'anar da aka saba da ita tana nan, ƙari kawai aka yi mata. Haka kuma kalmar gama-gari da ta zo a ƙarshen jerin sunaye tana ɗaukar kamannin jerin ne, shi ya sa "duk wani abin hawa" da ya biyo bayan mota da babur bai kai ga jirgin sama ba. Mafi muhimmanci duka, kusan kowane sashen ma'anoni yana buɗewa da ƙaidi irin su "a cikin wannan doka" ko "a cikin wannan babi", kuma wannan ƙaidi shi ne shingen gonar. Ma'anar da aka bayar a wata doka ba ta tsallaka shinge ta yi aiki a wata.

Rashin fahimtar wannan shinge ne ya haifar da wata da'awa da ta daɗe tana yawo a Amurka, inda wasu ke cewa su ba tuƙi suke yi ba, tafiya kawai suke yi a motarsu, don haka ba sa buƙatar lasisi ko rajista. Madogararsu ita ce sashe na 31 na kundi na 18 na dokokin tarayya, wanda da gaske ya bayyana abin hawa mai inji a matsayin wanda ake amfani da shi don kasuwanci a kan manyan hanyoyi, da kuma wasu tsofaffin ƙamus na shari'a da suka fassara direba da wanda aka ɗauka aikin tuƙi. Kalmomin da suke karantowa suna nan a rubuce, ba ƙirƙira suka yi ba. Kuskuren shi ne wancan sashe ya ce ma'anar ta babinsa ce kaɗai, babin da ke magana a kan laifuffukan lalata jiragen sama da motocin sufuri, alhali lasisin tuƙi yana ƙarƙashin dokokin jihohi ne, kowace da nata sashen ma'anoni wanda bai ware motar gida ba. Tun a 1915, a shari'ar Hendrick da jihar Merilan, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon jiha na wajabta rajistar mota da lasisin mai tuƙa ta, kuma kotuna sun ci gaba da yin watsi da wannan da'awa duk sa'ad da aka kawo ta. Ƙamus, komai girmansa, shaida ne kawai na yadda ake amfani da kalma. Ba ya ture ma'anar da majalisa ta rubuta.

Keke ya fi kowane abin hawa nuna cewa abu guda yana iya shiga wata doka ya kasa shiga wata ba tare da an yi tufka da warwara ba. Dokar hanyoyi ta Ingila ta 1835 ta hana tuƙa karusa da gudun ganganci, kuma an rubuta ta ne kafin keke irin wanda muka sani ya bayyana. Duk da haka a 1879, a shari'ar Taylor da Goodwin, kotu ta ce keke karusa ne, domin abin da dokar ke tsoro shi ne a banke mai tafiya a ƙasa, kuma wanda keke ya banke bai damu da cewa ba doki ke jan sa ba. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a shari'ar Williams da Ellis, aka tambayi kotu ko mai keke zai biya kuɗin wucewa ƙofar hanya kamar mai karusa, sai ta ce a'a, saboda dokar kuɗin ta lissafa karusai da dabbobi ko tururi ke ja, kuma keke bai yi kama da su ba. A 1950, a shari'ar Corkery da Carpenter, wani da aka kama yana tura kekensa cikin maye ya kafa hujja da cewa dokar barasa ta 1872 karusa ta ambata, amma kotu ta sake mayar da keke karusa ta tabbatar da hukuncinsa. Sai kuma a 1980, a shari'ar Crank da Brooks, aka yanke cewa wanda ya sauka yana tura keke a mashigin masu tafiya a ƙasa shi ma mai tafiya a ƙasa ne, kuma wajibi ne mai mota ya tsaya masa. Wanda ya jera hukuncin nan huɗu ba tare da duba dokokin da suka haife su ba zai ce alƙalan Ingila ba su san keke ba. Alhali tambayar da aka yi musu ce ta bambanta kowane karo.

Ma'anar mota a dokar zirga-zirga ta Birtaniya ta 1988, sashe na 185, ita ce abin hawa mai tafiya da inji wanda aka nufa ko aka daidaita don amfani a kan hanya. Kalmar "nufa" ita ce wurin rikici, domin dole a tambaya: nufin wa? Na maƙeri, ko na mai shi, ko na wanda aka kama a kai? A shari'ar Burns da Currell ta 1963, wadda ta shafi ƙaramar motar tsere maras rufi, kotu ta ƙi bin zuciyar kowa, ta kafa ma'auni na waje: shin mutum mai hankali, idan ya dubi abin, zai ce hawa kan hanya yana cikin ayyukan da za a riƙa yi da shi? A kan wannan ma'auni motar tseren ta kuɓuta, domin ba a nuna cewa ana yawan fitowa da irinta titi ba. Amma ma'aunin nan ne ya kama wani ƙaramin babur na tsaye mai suna Go-Ped a shari'ar Saddington ta 2000. Kamfanin da ya ƙera shi ya yi gargaɗin kada a hau shi a titi, kuma birkinsa bai kai na abin da ya cancanci shiga cikin motoci ba, amma kotu ta ce gargaɗin maƙeri ba ya sauya abin da kowa ke gani, wato masu sayensa a titi za su hau shi. A 2011 na'urar Segway, mai taya biyu da ake hawa a tsaye kuma lantarki ke tafiyar da ita, ta bi wannan sahu a shari'ar Coates. Sakamakon yana da ɗan ban mamaki: abin ya zama mota a idon doka, don haka yana buƙatar lasisi da inshora kuma an hana shi gefen masu tafiya a ƙasa, alhali bai cika sharuɗɗan da za a yi masa rajista ya hau titi ba. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi, kuma ba kotu ce za ta samar masa gurbi ba.

Akwai kuma tambayar yaushe mota ke daina zama mota. A shari'ar Newberry da Simmonds ta 1961 an sace injin wata mota aka bar gangar jikinta a titi, kotu ta ce har yanzu abin hawa mai inji ce, tunda ana iya sa mata wani injin ta tashi ba da jimawa ba. Jim kaɗan bayan haka, a shari'ar Smart da Allan, aka kawo wata wadda aka saya a matsayin tarkace, babu akwatin giya, injin ya lalace, ba alamar za a taɓa gyara ta, sai kotu ta ce wannan ta fita daga ma'anar. Ma'aunin shi ne ko akwai kyakkyawan zaton ta sake tafiya. Kalmar "amfani" ma ta sha irin wannan ja: a shari'ar Elliott da Grey ta 1960, mai motar da ta lalace ya cire batir ya ɗage ta a kan jak a bakin titi ya bar inshora ta ƙare, kotu ta ce yana amfani da ita a kan hanya, domin ko motar da ba ta tashi tana iya gangarawa ko ta jawo haɗari.

Daga abin hawa sai mai hawansa. Dokoki da yawa ba su bayyana ma'anar tuƙi ba kwata-kwata, wataƙila don masu rubuta su sun ɗauka abin a fili yake. A 1974 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta saurari shari'ar MacDonagh, mutumin da aka haramta wa tuƙi, wanda ya ce tura motarsa kawai ya yi, ƙafafunsa biyu a ƙasa, kafaɗarsa a jikin ƙofa, hannunsa ɗaya a kan sitiyari. Kotu ta amince cewa jigon tuƙi shi ne amfani da kayan sarrafa mota don juya tafiyarta, ko da ba inji ke tafiyar da ita ba, shi ya sa wanda ya zauna a ciki ya bar ta ta gangara da inji a kashe direba ne. Amma ta ƙara sharaɗi na biyu, cewa dole abin da aka yi ya zama wanda talaka zai kira tuƙi, kuma babu wanda zai ga mai tura mota ya ce yana tuƙi. Aka soke hukuncin. Abin lura shi ne shekara biyar kafin haka, a shari'ar Ames da MacLeod ta 1969, kotun Sikotilan ta duba kusan irin wannan hali, mutumin da mai ya ƙare masa yana tafiya a gefen motarsa yana riƙe da sitiyari tana gangarawa, ta ce tuƙi ne. Doka ɗaya ce ta majalisa ɗaya, kalma ɗaya, amma amsa biyu, gwargwadon ɓangaren iyakar da motar ta tsaya.

Domin kada masu maye su fake da ƙuncin kalmar tuƙi, majalisu sun ƙirƙiro wata kalma mai faɗi, wato kasancewa mai iko ko kula da mota. Faɗinta kuwa ya kawo nata ciwon kai, domin tana iya kama mutumin da ya yi abin da ya dace, wanda ya ji ya bugu ya ƙi tuƙi ya kwanta a motarsa. Kotun Ƙolin Kanada ta fuskanci wannan a 2012 a shari'ar Boudreault. Mutumin ya san bai cancanci tuƙi ba, aka kira masa tasi, ya fito jira cikin tsananin sanyi, ya shiga motarsa ya kunna inji don ɗumi, barci ya kwashe shi, direban tasin da ya iso kuma ya kira 'yan sanda. Kotu ta ce zama a kujerar direba da inji a kunne bai isa shi kaɗai ba, sai in akwai haɗari na haƙiƙa, ba na zato ba, cewa motar za ta motsa ta cutar da mutum ko dukiya, kuma tunda alƙalin farko ya gamsu cewa yana da ingantaccen shirin komawa gida, sallamarsa ta tsaya. A nan manufar doka ta ƙunsa ma'anar kalma maimakon ta faɗaɗa ta, abin da ke nuna cewa duba manufa ba kullum yake zama makamin mai gabatar da ƙara ba.

Kalmar "hanya" ita ce ta fi jawo asara ga waɗanda ba su ji ba su gani ba. Tun 1930 Birtaniya ta wajabta inshorar mota don wanda aka ji wa rauni ya sami diyya, amma wajibcin ya rataya ne ga amfani da mota a kan hanya, kuma dokar 1988 ta ce hanya ita ce babbar hanya da duk wata hanyar da jama'a ke da damar shiga. A 1998 kotun ƙoli ta wancan lokaci, wato Majalisar Dattawan Birtaniya a zamanta na shari'a, ta haɗa ƙararraki biyu, ta Clarke da ta Cutter, waɗanda dukansu suka ji rauni a wuraren ajiye motoci. Kowa a kotun ya san manufar dokar ita ce kare irin waɗannan mutane, amma alƙalan suka ce hanya abu ce da ake bi don zuwa daga wani wuri zuwa wani, wurin ajiye motoci kuwa don tsayawa aka yi shi, kuma dokar da kanta ta yi amfani da kalmomin biyu daban-daban a wasu sassa. Suka ƙara da cewa in aka mayar da wurin ajiye motoci hanya, laifuffuka da dama da ke rataye da wannan kalma za su bi ta can ba tare da majalisa ta nufa ba. A 2000 aka gyara dokar aka ƙara "ko wani wurin jama'a".

Kotun Tarayyar Turai ta bi ta wata fuska dabam a 2014, a shari'ar Vnuk da ta taso daga Sulobeniya. A 2007 wata tarakta mai jan tirela tana ja da baya a farfajiyar gona don shigar da tirelar rumfa, ta bugi tsanin da wani ma'aikaci ke kai, ya faɗo ya ji rauni. Kamfanin inshora ya ce wannan ba zirga-zirgar hanya ba ce, kuma kotunan ƙasar na farko sun yarda da shi. Da maganar ta isa kotun Turai sai wata matsala ta bayyana wadda dokar harshe ɗaya ba ta da ita: umarnin Tarayyar kan inshorar mota an rubuta shi cikin harsuna da yawa, dukansu da ƙarfi ɗaya, kuma yayin da na Faransanci ya yi amfani da kalma mai nuni ga zirga-zirga, na Ingilishi ya ce amfani kawai. (Mai karatu zai iya gwada wannan da kansa: "abin hawa" a Hausa ya haɗa doki da jirgi ba tare da wata wahala ba, don haka da da Hausa aka rubuta dokar 1919, da hujjar Holmes ta rasa ƙafa ɗaya.) Tunda lafazi ya rarrabu, kotun ta koma ga manufa, ta ce wajibcin inshora ya shafi duk wani amfani da ya dace da aikin abin hawan na yau da kullum, ko a gona ne ko a titi. Ma'aikacin ya sami hanyar diyya, amma hukuncin ya buɗe ƙofar da ta tayar da hankalin masu tseren motoci da kamfanonin inshora, har Tarayyar ta gyara umarnin a 2021, Birtaniya kuma ta yi doka ta musamman a 2022 don cire tasirinsa daga dokokinta. A 2023 kotun ta ja wani layin, ta ce keke mai taimakon lantarki wanda sai an taka yake tafiya ba ya cikin ababen hawan da umarnin ya wajabta wa inshora.

Idan aka ajiye waɗannan hukunce-hukunce gefe da gefe, za a ga cewa alkiblar fassara tana bin abin da ke kan ma'auni ne. Inda ake maganar ɗaure mutum ko cin tararsa, kotu tana karkata ga ƙunci, shakka kuma ta amfani wanda ake tuhuma, ƙa'idar da ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san cewa a fiƙihu ma ana tunkuɗe haddi da shubuha. Inda ake maganar biyan diyya ga wanda aka cutar, tana karkata ga faɗi. Wahalar dokar hanya ita ce kalma guda sau da yawa tana ɗauke da kaya biyu, domin sashen da ya ba wanda aka banke haƙƙin diyya shi ne ya mayar da rashin inshora laifi, kuma ba zai yiwu "hanya" ta yi faɗi da safe don mai rauni ta ƙuntata da yamma don wanda ake tuhuma ba.

Shari'ar Barreto ta 2019 ita ce ta fi kawo wannan kusa da zamaninmu. An ga wani direba a Landan yana riƙe da wayarsa yana ɗaukar bidiyon wani haɗari yayin da yake wucewa da mota. Ƙa'idar da ta hana amfani da wayar hannu a lokacin tuƙi an yi ta ne a 2003, sa'ad da galibin aikin waya kira ne da saƙo, kuma an ɗaure ma'anarta da aikin sadarwa tsakanin mutum da wani. Babbar Kotu ta ce ɗaukar bidiyo ba sadarwa ba ce, don haka wannan laifin bai hau kansa ba, ko da yake ta yi gargaɗi a fili cewa irin wannan hali yana iya zama tuƙin sakaci ko na ganganci a ƙarƙashin wasu sassa. Jama'a da dama sun ga hukuncin a matsayin wauta, kuma ina fahimtar dalilinsu, domin mai kallon allon waya bai fi mai magana da ita ganin hanya ba. Amma a ganina kotun ta yi daidai. Da ta ja kalmar har ta rufe ɗaukar bidiyo, da ta rubuta sabon laifi bayan an riga an aikata abin, kuma da ta ɗauke wa majalisa nauyin yanke wasu tambayoyi da ba na alƙali ba ne, kamar ko za a bar direba ya biya kuɗi da waya motarsa na tsaye, ko ya duba taswira in wayar na maƙale a mariƙinta. Waɗannan duka sai da aka zauna aka tsara su, kuma daga ranar 25 ga Maris 2022 sabuwar ƙa'idar ta haramta kusan duk wani taɓa waya a hannu, har da kunna allonta ko duba lokaci, tare da keɓe 'yan wurare da aka ambata da suna.

Yanzu kalmar da ke kan gaba ita ce "direba" kanta. Yarjejeniyar Biyena ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta ce a sashe na 8 dole kowane abin hawa mai tafiya ya kasance da direba, kuma ta bayyana direba a matsayin mutum. A 2016 gyaran da ya ba da damar na'urorin da ke taya tuƙi ya fara aiki, bisa sharaɗin su dace da ƙa'idojin ƙira na duniya ko direba ya iya karɓe iko ko ya kashe su, kuma a wannan shekarar hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka ta shaida wa kamfanin Google cewa a wasu ƙa'idojin ƙirar mota tana iya ɗaukar manhajar a matsayin direba. Wannan yana warware batun inda za a sa madubi ko birki, amma ba ya warware na laifi, domin manhaja ba ta da lasisin da za a ƙwace kuma ba a kai ta gidan yari. Birtaniya, a dokarta ta motoci masu tuƙa kansu ta 2024, ta guje wa jan tsohuwar kalmar, ta ƙirƙiro sababbi: akwai kamfanin da aka ba izini wanda ke ɗaukar alhakin yadda motar ke tafiya, akwai kuma mutumin da ke zaune a kujerar direba, wanda ba za a tuhume shi da yadda motar ta yi tuƙi ba muddin na'urar ce ke riƙe da ita, amma dole ya kasance da lasisi, cikin hayyacinsa, kuma inshora da lafiyar motar suna wuyansa. Kariyarsa tana ƙarewa ne bayan motar ta nemi ya karɓi sitiyari kuma wa'adin da aka ba shi na karɓa ya cika. Tsakanin ƙarar gargaɗin da saukar hannunsa a kan sitiyari akwai 'yan daƙiƙoƙi, kuma ranar da haɗari ya faru a cikinsu, wani alƙali zai zauna da bayanan da kwamfutar motar ta adana yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya don ya gano ko mutumin ya riga ya koma direba.